NEMAN AIKI: KADA A SAYI BIRI A SAMA

A ƙasar Hausa in saurayi ya fito neman aure, ba a ba shi don kawai ya zo da mota mai sheƙi ko don ya iya tsara zance. Sai an tashi baffa ko kawu ya je unguwarsu, ya tambayi asalinsa da sana'arsa, a ji ko yana sallah, a ji da su wa yake zama, in ya taɓa aure a ji abin da ya raba shi da ta farkon. Wannan al'ada ce mai kyau, kuma ta tsare mutuncin gidaje da yawa.

To amma abin mamaki, yarinyar nan da aka yi wata biyu ana binciken maneminta, ranar da aka ce ta samu aiki sai gida ya kaure da guɗa, washegari ta ɗauki jaka ta tafi. Babu wanda ya tambayi sunan mai wurin, babu wanda ya san ko ana biyan albashi, balle a ji dalilin da ya sa wadda take kan kujerar ta bari. Haka shi ma saurayi. Alhali kuwa wanda yake fita ƙarfe 8 na safe ya dawo 5 na yamma, ya fi ganin manajansa a kan mahaifiyarsa. A hannun mutumin nan abincinsa yake, wani lokaci ma har da mutuncinsa da lafiyarsa.

Ba a rasa sanin dalili ba. Zaman banza yana da ciwo, musamman ga wanda ya gama bautar ƙasa ya dawo yana karɓar kuɗin sabulu a hannun tsohuwa. A watan Maris na 2014 Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ta kira masu neman aiki jarrabawa, mutum sama da 500,000 suka nema bayan kowa ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. A turmutsitsin da aka yi a Abuja da Minna da Fatakwal da Benin, aƙalla mutum 16 suka rasa rayukansu. Wanda ya ga irin wannan ƙishirwa, ya san dalilin da mai neman aiki yake jin kunyar yin tambaya. Gani yake in ya tsaya bincike wani zai riga shi. Su kuwa macuta da wannan gaggawar suke cin abinci.

KAMFANIN AKWAI SHI KUWA?

Tambayar farko ke nan, kuma amsarta ba ta da tsada. Hukumar yi wa kamfanoni rajista, wato CAC, wadda aka kafa da dokar kamfanoni ta 1990, tana da wurin bincike a intanet inda za ka rubuta sunan kamfani ka ga ko yana da rajista da lambarsa da ranar da aka yi masa. In talla ta ce kamfani ya shekara 20 yana aiki, kai kuma ka ga bara aka yi masa rajista, to ka ga bakin zaren. Sai dai a kula, rajista shaida ce ta cewa sunan yana nan, ba ta shaidar halin mai shi. Ɓarawo ma yana iya yin rajista. Haka kuma ƙaramin shagon ɗinki da ba shi da rajista ba lallai ne macuci ba, shi nasa binciken a unguwa ake yi.

Bayan wannan sai ka taka da ƙafarka, domin gani ya kori ji. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar intabiyu, ka je ka ga wurin. Akwai allo mai ɗauke da suna? Maƙwabta sun san su? Tun yaushe suke nan? Ofishin da aka kama haya makon jiya, kujerun roba 10 da tebur ɗaya, ba irin wanda za ka bar wa takardunka ba ne. In makaranta ce mai zaman kanta ko asibiti ko kemis, ka duba takardar izinin hukuma, yawanci a bango ake rataye ta. In kuwa aikin gwamnatin tarayya aka ce maka, adireshin hukumomin gwamnati na intanet yawanci da gov.ng yake ƙarewa, saƙon da aka turo ta WhatsApp daga lambar da ba ka sani ba kuwa kowa ma yana iya rubuta shi.

WANDA YA CE KAWO KUƊI

Ɗan'uwa, ka riƙe wannan da kyau: kai ka zo a biya ka. Duk wanda ya ce kawo kuɗin fom, kawo kuɗin yunifom, kawo kuɗin horo, kawo na goro mu sa sunanka, to ka ja da baya ka sake lale. Akwai waɗanda za su kira ka intabiyu, kana zuwa ka tarar da zaure cike da mutane, wani mai kwat yana ta wa'azin arziki, a ƙarshe a ce ka biya kuɗin rajista a ba ka kwalaben magani ka je ka sayar, ka kuma kawo mutum biyu. Ka fita neman albashi ka dawo da bashi.

Sayen gurbin aikin gwamnati shi ne ya fi cin gidaje. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna kan badaƙalar sayar da guraben aiki, mutane suka fito suka ba da shaidar cewa sun biya maƙudan kuɗi. Sau nawa muka ji uwa ta sayar da ɗankunnenta na gwal, uba ya jinginar da gona, a kawo takardar ɗaukar aiki mai tambari har da sa hannu, yaro ya je kama aiki a ce ba a san da zamansa ba? Ga asara, ga kunya, ga shi ba ka da bakin kai ƙara cikin daɗin rai tunda kai ma ka san ta bayan gida ka bi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

RANAR INTABIYU

Wannan ya fi shafar 'yan mata, amma samari ma su ji. A watan Afrilu na 2021 wata budurwa da ta gama Jami'ar Uyo a Jihar Akwa Ibom ta rubuta a Twitter cewa tana neman aiki. Wani ya kira ta intabiyu, ta tafi, ba ta dawo ba. Gawarta aka tono a gidan da aka kira ta. Abin da ya taimaka aka kama shi, ƙawarta ta san da fitar, ita ta fara kururuwa har jama'a suka tashi. A watan Agusta na 2022 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Allah Ya kiyaye mana zuri'a.

Don haka 'yar'uwa, intabiyu a ofis ake yi, da rana, a lokacin aiki. Wanda ya ce ki same shi a ɗakin otal, ko a gidansa, ko bayan magariba, ko ya ce zai turo mota ta ɗauke ki, ki ce kin gode. Ki bar adireshin wurin da lambar wanda ya kira ki a hannun mutanen gida, in da hali yayanki ko ƙaninki ya raka ki ya jira a bakin ƙofa. Mai gaskiya ba zai ji haushin ganin ɗan rakiya ba. Kuma kada ki bar ainihin satifiket ɗinki a hannun kowa, ki nuna a gani, ki ba da kwafi. Wanda ya riƙe takardunki ya riƙe ƙafarki, ranar da kika so tafiya sai yadda ya yi da ke.

A TAMBAYI MAIGADI DA MAI SHAYI

Labarin wurin aiki ba a bakin manaja yake ba, shi dole ya yabi gonarsa. Ka je wajen mai shayin bakin get, ko mai sayar da abinci, ko masu adaidaita sahun da suke tsayawa a wurin. Su suka san ranar da albashi yake shiga, domin ranar ake biyansu bashi. In mai abinci ta ce maka, "Ai 'yan gidan nan wata uku ke nan ina binsu," to ka gama bincike. Maigadi da direba da masinja kuwa sun san wanda ake kora da dalilin korarsa.

Wanda ya fi kowa amfani shi ne wanda ya taɓa aiki a wurin ya bari. Ka neme shi ta hanyar abokai ko 'yan ajinku ko masallacin unguwa, ka tambaye shi cikin ladabi: ana biya a kan lokaci? Ana yanke albashi in ka makara ko ka yi rashin lafiya? Ƙarfe nawa ake tashi a zahiri? Da ya tashi tafiya an ba shi haƙƙinsa? Sai dai kada ka yanke hukunci da bakin mutum ɗaya, wataƙila shi ne ya yi laifi aka sallame shi. In mutum uku da ba su san juna ba suka faɗi magana ɗaya, to ruwa ba ya tsami banza. Ka kuma lura da wurin da kullum yake tallar neman ma'aikata a kujera ɗaya. Gidan da amare ba sa zama, sai a duba maigidan.

Kada a ce wannan tsoratarwa ce kawai. A watan Yuni na 2020 'yan sanda a Kano suka fito da ma'aikata sama da 100 daga wani kamfanin shinkafa da ke Challawa, waɗanda suka ce an hana su fita kusan wata uku a lokacin kullen korona. Ga babban gini, ga injina, ga motoci suna shiga suna fita, amma abin da ke ciki sai wanda ya shiga.

BABBAN SUNA BA YA HANA FAƊUWA

Wani wurin ba macuta ba ne, ƙarfinsu ne yake ƙarewa. Dattawan Kaduna suna tuna lokacin da aikin masaƙa a Kakuri ya isa a ba mutum mata. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu. A 2005 da aka yi wa bankuna garambawul, daga 89 suka koma 25, mutane da yawa masu ɗaure wuya da laktaya suka wayi gari a gida. Wanda ya zaga Sharaɗa da Bompai zai ga gine-ginen masana'antun da a da suke aiki dare da rana, yau ciyawa ta cinye harabar wasunsu.

Saboda haka ka duba lafiyar kasuwancin. Kayansu suna tafiya a kasuwa? Injina suna aiki ko rabi a kashe suke? In makaranta ce, ɗalibai ƙaruwa suke ko raguwa? In ƙungiyar agaji ce, aikin na wata nawa ne, kuma wa yake ba da kuɗin? Sannan ka tambaya ko kai ma'aikacinsu ne ko kuwa na wani ɗan kwangila da ya kawo ka. A bankuna da manyan kamfanoni da yawa za ka ga mutum biyu a kanta ɗaya, aiki iri ɗaya, ɗaya cikakken ma'aikaci ɗaya na kwantiragi, albashinsu ko kusa bai haɗu ba.

Wannan binciken yana da wata riba kuma. Wanda ya shiga intabiyu ya san abin da kamfani yake sarrafawa, da inda rassansa suke, da waɗanda suke gogayya da shi a kasuwa, ya sha gaban wanda ya zo da takardu kawai. Masu ɗaukar aiki suna gane wanda ya damu da wurinsu tun daga amsar farko.

A SA A TAKARDA

Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa, alaihis salam, da dattijon Madyana, yadda suka yanka wa'adin aiki tun kafin a fara, shekara 8, in ya cika 10 ganin damarsa ne. Ashe bayyana sharaɗi tun farko ba rashin kunya ba ne. Mu kuwa sai a ce mana, "Ka fara zuwa, ba za mu ɓata ba," mu yi shiru don kara. Ƙarshen wata sai a miƙo abin da aka ga dama.

Dokar ƙwadago ta Nijeriya, wadda ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin a wuce wata uku da farawa: irin aikin, albashi, lokutan aiki, hutu, da wa'adin sanarwa in za a rabu. Ta ba wanda ya cika wata 12 hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa. Ta ba mai juna biyu mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata 6 a wurin. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu kan dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, sai dai ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Dokar fansho ta 2014 kuma ta ce mai kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8. A nan ka tambayi na ciki ko suna ganin saƙon shigar kuɗin a asusunsu, domin akwai masu yankewa a albashi su kuma riƙe a aljihu. In rigima ta taso akwai ofishin ƙwadago da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, amma da wace hujja za ka je in babu takarda?

Malaman makarantu masu zaman kansu su tambaya ko ana biyan watan hutu, da yawa ba sa biya. Mai zaman shagon POS ko gidan mai ya tambaya in kuɗi suka yi gibi wa zai cika. Kowa kuma ya yi lissafin kuɗin mota da na abincin rana, kada albashin ya ƙare a hanya.

MATAN AURE DA 'YAN MATA

Uwargida, naki binciken ya ɗara na maigida. Za a bar ki da hijabinki? Akwai wurin sallah da kewayen mata? Akwai aikin dare ko tafiye-tafiye? Waɗanda suka haihu a wurin sun dawo kan kujerarsu, ko daga wankan jego sai takardar sallama? Matan da ke wurin su za ki tambaya a keɓe, su suka san ogan da ba a shiga ofishinsa a rufe ƙofa. A yi hattara kuma da aikin da za a ɗora wa yarinya adadin kuɗin da dole ta kawo a wata ko a kore ta, ana nuna mata ofisoshin masu hannu da shuni ana cewa ta san dabarar da za ta yi. Duk abin da kika gano ki zauna da maigida ku tattauna kafin ki amsa. Aikin da aka karɓa da shawara ba ya zama abin gori ranar da aka dawo a makare.

YARON SHAGO DA 'YAR AIKI

Iyayen da za su kai yaro Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari, tambaya ɗaya ta ishe su: yara nawa Alhajin nan ya sallama, kuma ina shagunansu? In an nuna maka uku ko huɗu suna cin gashin kansu, ka miƙa ɗanka da addu'a. In kuwa duk wanda ya kusa sallama sai a ce ya yi sata, to naka ma ranar tana zuwa. A yi maganar shekaru da abin sallama a gaban shaidu.

Haka iyayenmu na karkara da ke ba dillaliya yarinya ta kai ta aikatau birni. Wane gida? Wace unguwa? Akwai samari a gidan? A ina za ta kwana? Kuɗin hannun wa yake shiga? Uwar da ba ta san ƙofar gidan da 'yarta take kwana ba, in wani abu ya faru ina za ta dosa? Yarinyar da ba ta kai munzali ba kuwa, makaranta ce wurinta.

AIKIN ƘASAR WAJE

Nan ne bincike ya fi wuya, nan ne kuma kuskure ya fi tsada. Ejan zai zo da daɗin baki, aiki a Saudiyya ko Dubai ko Oman ko Libiya, albashi da kuɗin waje, ba sai kin biya komai ba, a hankali za a cire. A ƙasashen Larabawa da dama zaman 'yar aikin gida a ɗaure yake da wanda ya ɗauko ta, wato kafili, barin gidansa ba tare da bin ƙa'ida ba yana iya mai da ita mai laifi. A 2017 duniya ta ga hoton bidiyon yadda ake gwanjon baƙin haure a Libiya. A watan Afrilu na 2020 wani mutum a Labanan ya sa hoton fasfon wata 'yar Nijeriya a Facebook yana tallar sayar da ita dala 1,000, sai da hukuma ta kama shi.

Kafin a ba kowa fasfo, a tambayi lasisinsa, domin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce take ba kamfanonin samar da aiki izini. A duba bizar, ta aiki ce ko ta ziyara ko ta Umara? Wanda ya ce ki shiga da bizar Umara daga baya a gyara, zaman ɓuya yake shirya miki. A nemi takardar yarjejeniya a ba wanda ya iya harshen ya karanta. A nemi magana da wadda ejan ɗin ya taɓa kaiwa, in da hali wadda ta dawo gida, domin wadda take can wataƙila a gaban uwar ɗakinta take amsa waya. In an ga alamar rufa-rufa, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, wadda aka kafa a 2003, tana da ofis a Kano da wasu manyan garuruwa.

Daga ƙarshe, ba muna cewa a zauna jiran aikin da babu aibi ba, wannan babu shi. Wani lokaci mutum zai ga albashin kaɗan ne, ogan mai faɗa ne, ya karɓa a haka don ya koyi aiki kafin Allah Ya kawo wani, kuma ya yi daidai tunda da idonsa a buɗe ya shiga. Abin gudu shi ne a sa ranar aure, a kama hayar gida, a ci bashin lefe a kan albashin da ba a tabbatar ana biya ba. Iyaye su ma su sassauta gori, yawan "har yanzu kana gida?" shi yake tura yaro hannun 'yan damfara. A yi tambaya, a yi shawara da manya, a yi istihara, sannan a sa hannu.

Allah Ya ba masu nema aiki mai albarka, Ya haɗa su da iyayen gida masu tsoron Sa, Ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suka shiga. Amin summa amin.